Yadda ake fara saƙar hannu, da yadda ake yanka wa abin da aka saƙa farashi

Akwai mai saƙar da hannunta ya faɗa sosai, tana hira tana saƙa ba ta ko duba zaren, amma ranar da wani ya ɗaga hular da ta gama ya ce "nawa ne?" sai baki ya mutu. Ta faɗi wani adadi da ya zo mata a ka, mai saye ya taya, ta sallama, bayan ya tafi ta zauna tana lissafi ta ga ko kuɗin zare da ƙyar ya fita. Wannan abu yana damuna, domin ba rashin iya aiki ne ke jawo shi ba. Rashin awo ne. Farashin saƙa daga abu biyu yake fitowa, sikeli da agogo, kuma duk wadda ta saba da su tun ranar da ta fara koyo ba za ta sha wahala ba idan lokacin sayarwa ya yi. Da mace nake magana a nan, amma namijin da ya ɗauki kwarashi shi ma duk abin da zan faɗa ya shafe shi.

Kwarashi ko tsinke biyu?

Saƙar hannu da zaren ulu iri biyu ce. Akwai ta kwarashi, mai ƙugiya a baki, wadda ido ɗaya, wato madaukin zare ɗaya, ne kawai ke kan ƙarfen a mafi yawan lokaci. Akwai kuma ta tsinke biyu, wadda idanun layi gaba ɗaya suke jere a kan tsinke kina kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗayan. Ta tsinke ta girmi ta kwarashi nesa ba kusa ba: an samu safar auduga da aka saƙa a Masar tun wajen ƙarni na 11, alhali kwarashi bai yaɗu a Turai ba sai farkon ƙarni na 19.

Ga mai farawa, ina ba da shawarar kwarashi. Idan kika yi kuskure, zare ƙarfen kawai za ki yi ki ja zaren ya warware zuwa inda kike so, ki mayar da ƙarfen cikin ido ɗaya ki ci gaba. A tsinke kuwa, ido ɗaya ya suɓuce sai ya yi ta zamewa ƙasa, kuma mai koyo ba ta san yadda za ta kamo shi ba. Amma ki san bambancin abin da kowanne ke bayarwa. Saƙar tsinke ta fi laushi, ta fi miƙewa, ta fi kwanciya a jiki, shi ya sa ta fi dacewa da suwaita da safa. Ta kwarashi ta fi kauri da tsayuwa, ta fi dacewa da jaka, kwando, bargo da 'yar tsana, kuma ta fi cin zare.

Akwai wani bambanci da zai dawo mana wajen farashi. Tun 1589 wani Bature a Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa, kuma daga nan injuna suka ci gaba har suka cika duniya da suwaita mai araha. Saƙar kwarashi ta ainihi kuwa har yau da hannu ake yin ta. Mai saƙa da tsinke tana gogayya da masana'anta kai tsaye, mai kwarashi tana da ɗan filin da inji bai shiga ba.

Abin da za ki saya, da abin da ke rubuce a jikin zare

Kada ki kwaso kaya da yawa. Curin zare ɗaya ko biyu, kwarashi ɗaya mai milimita 5 ko 5.5, almakashi, tef ɗin awo, da allura mai babbar kafa marar tsini wadda za ki riƙa ɓoye bakin zare da ita. Idan tsinke kika zaɓa, ɗauki mai milimita 5. Zaren farko ya kasance mai santsi, mai haske, mai matsakaicin kauri. Baƙin zare da mai gashi-gashi suna ɓoye idanu, ba za ki ga inda za ki soka ƙarfe ba, sai ki ɗauka ke ce ba ki iya ba.

Takardar da aka naɗe curin da ita kada ki yar. A jikinta za ki ga nauyi, galibi giram 50 ko 100, da tsawon zaren a mita, da abin da aka yi shi da shi, da girman ƙarfen da ya dace, da yadda ake wanke shi. Kamfanoni da yawa suna bin tsarin lambobin kauri na ƙungiyar Craft Yarn Council ta Amurka, daga 0, siriri ƙwarai, zuwa 7, mai kauri ƙwarai. Lamba 4 ita ce matsakaiciya, da ita za ki fara. Sai wata lamba da mutane ke rainawa, lambar tukunyar rini. Curi biyu masu suna ɗaya da launi ɗaya, idan ba a tukunya ɗaya aka rina su ba, suna iya bambanta kaɗan. A hannu ba za ki gani ba, sai kin saƙa rabin bargo kin shimfiɗa shi a rana sannan layin ya fito ɓaro-ɓaro. Saboda haka ki sayi duk zaren da aiki zai ci a lokaci ɗaya, lambar rini ɗaya.

Zaren roba, wanda ake rubuta akirilik a jikinsa, shi ne mafi sauƙin kuɗi da sauƙin wanki, amma ba ya son zafi: dutsen guga ya taɓa shi sai ya narke ko ya saki har abada. Auduga tana shan ruwa, tana jure zafi, ba ta miƙewa sosai, kuma tana gajiyar da yatsu. Ulu na gashin tumaki ya fi ɗumi kuma yana komawa yadda yake bayan an ja shi, sai dai ruwan zafi da cuɗa suna sa ya cure ya ƙanƙance, in ba wanda aka gyara musamman don injin wanki ba.

Hannun farko

Yi zarge a bakin zare ki sa kwarashi a ciki. Naɗa zaren a kan ƙarfe ki jawo shi ta cikin zargen, kin yi sarƙa ɗaya. Yi haka har sarƙa 21, kada ki matse. Yanzu tsallake sarƙar da ke kusa da ƙarfe, ki soka a ta biyu, ki naɗo zare ki jawo. Madauki biyu ke kan ƙarfenki. Sake naɗowa ki jawo ta cikin su biyun. Wannan shi ne gajeren ido. Bi sarƙar har ƙarshe, za ki samu ido 20. Yi sarƙa ɗaya, juya aikin, ki dawo. Ki ƙirga idanunki a ƙarshen kowane layi. Kusan duk mai koyo tana rasa ido na ƙarshe, sai ta ga abin da ya kamata ya zama murabba'i yana ta tsukewa sama. Ɗaura ɗan zare mai wani launi a idon farko da na ƙarshe, matsalar ta ƙare.

Dogon ido kuma, kina naɗa zare tun kafin ki soka, ki jawo, madauki uku su taru a ƙarfe, ki fitar da biyu, ki sake fitar da biyu. A farkon layinsa sarƙa uku ake yi. Da sarƙa da waɗannan idanu biyu za ki iya saƙa hula, mayafi, bargo da jaka.

A tsinke, bayan kin ɗora idanu, ido biyu ne tushen komai: na gaba, wanda ake rubutawa da harafin k a tsarin saƙa, da na baya, wanda ake rubutawa da p. Idan kika yi na gaba a kowane layi, saƙar za ta kwanta lafiya lau. Idan kika yi layi ɗaya na gaba, layi ɗaya na baya, za ki samu fuskar nan mai santsi irin ta suwaita, amma gefenta zai naɗe, kuma ba laifinki ba ne, haka halinta yake, sai an yi mata baki. Biyu na gaba biyu na baya a layi ɗaya shi ke ba da bakin hula da bakin hannun riga mai kama jiki.

Idan kin fara bin tsarin saƙa da aka rubuta, ki kula da wani tarko. Amurkawa da mutanen Ingila ba su kiran idanun kwarashi da suna ɗaya. Haruffan dc a tsarin Amurka dogon ido suke nufi, a na Ingila kuwa gajere. Hanyar ganewa mai sauƙi: duk tsarin da kika ga sc a ciki na Amurka ne, domin Ingila ba ta amfani da wannan suna. Shafin Ravelry, wanda aka buɗe a 2007, yana da tarin tsare-tsare, wasu kyauta, kuma galibi ana faɗin wane salo aka bi.

Murabba'in gwaji

A nan nake so ki tsaya, domin wannan ɗan ƙyalle da kowa ke jin ƙyuyar saƙawa shi ne ke haɗa koyo da sana'a.

Kafin ki fara kowane babban aiki, saƙa murabba'i da ya ɗan wuce santimita 10 a kowane gefe, da zaren da ƙarfen da za ki yi aikin da su, da irin idon da za ki yi. Wanke shi yadda za a riƙa wanke kayan, bar shi ya bushe a shimfiɗe. Sannan ɗora tef a tsakiyarsa, ba a gefe ba, ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10, layi nawa ne a santimita 10.

A ce tsarin ya ce ido 16 a santimita 10, ke kuma kin samu 18. Bambancin ido biyu kamar ba komai ba ne. Amma idan tsarin ya ce ki ɗora ido 80 don samun santimita 50, naki zai tsaya a wajen 44 da rabi. Hular babba ta koma ta yaro. Hannunki yana matsewa ke nan, sai ki ƙara girman ƙarfe da rabin milimita ki sake gwadawa. Idan idanunki sun gaza adadin, ki rage girmansa.

Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, murabba'in yana iya gaya miki kuɗin aikin tun ba ki fara ba. Duba agogo lokacin da kike saƙa shi, sannan ki ɗora shi a ƙaramin sikeli mai auna giram. A ce ɓangaren santimita 10 sau 10 ya ci minti 15 kuma nauyinsa giram 8. Bargo mai santimita 100 sau 120 irin wannan murabba'in guda 120 ne. Wato zare giram 960, curi goma ke nan masu giram 100, da minti 1,800, wato awa 30, ban da baki da ɓoye zare. Kin ga yanzu idan wani ya ce ki yi masa bargo, ba da ka za ki amsa ba.

Ajiye littafi ɗaya don wannan kaɗai. Kowane aiki shafinsa: sunan zare, lambar rini, girman ƙarfe, giram nawa ya ci, awa nawa ya ɗauka. Ki maƙala guntun zaren da takardarsa a shafin.

Wajen hula da kwarashi ga ɗan lissafi mai amfani. Auna kewayen kai, rage santimita uku zuwa biyar domin ta kama, raba abin da ya rage da 3.14. Abin da ya fito shi ne faɗin da'irar da za ki saƙa a saman hular kafin ki daina ƙara ido. Kai mai santimita 56, a rage huɗu ya zama 52, da'irar ta zama kusan 16 da rabi. Da dogon ido ana farawa da 12 a ƙara 12 a kowane zagaye; da gajere, shida ne a ƙara shida.

Gamawa ma aiki ne. Kowane bakin zare ki bar masa tsawon kamar santimita 15, ki bi da shi da allura ta cikin saƙar, ki juyo ta wata hanya kafin ki yanke. Ƙulli kawai ba ya riƙewa, wanki biyu ya kwance. Mai saye ba za ta ga kyawun idanunki ba idan zare na leƙowa ta gefe. Kuma ki riƙa ajiye aikin lokaci-lokaci ki miƙe yatsu da wuyan hannu. Zogi ko dindiris a hannu alama ce ta a huta, ba ta a daure ba.

Lissafin farashi

Lambobin da zan yi amfani da su misali ne kawai, ba su da sunan kuɗin kowace ƙasa. Ki cire su ki sa naki.

Farko, kayan aiki. Auna abin da kika gama a sikeli. Idan curi mai giram 100 ya ci miki 100, hular kuma ta auna giram 80, zarenta 80 ne. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda guntaye da gwaji, ya zama 88. Maɓalli, takardar suna, ledar da za ki sa ta, a ce 12. Kaya sun tashi 100. Ki yi lissafi da farashin da za ki sayi zaren yau, ba wanda kika saya bara ba, ko da kyauta aka ba ki shi. Idan hular ta tafi, sabon zare za ki saya a farashin yau.

Na biyu, ladan hannunki. Nan ne mafi yawan masu saƙa ke cutar kansu, suna cewa ai a zaune nake, ai ina kallo nake yi, ai dama ina jin daɗinsa. Jin daɗin aiki ba ya mayar da shi na banza. Yanke wa awarki kuɗi. Idan ba ki san inda za ki fara ba, duba mafi ƙarancin albashi a inda kike ki raba shi da awannin aiki na wata, ki ɗauke shi a matsayin ƙasan da ba za ki sauka ƙarƙashinsa ba, ki ƙara gwargwadon ƙwarewarki. A misalinmu kuɗin awa ɗaya 60 ne, hular ta ci awa uku, ladan aiki 180. Lokacin ya haɗa da ɓoye zare, wanki, ɗaukar hoto da naɗewa, ba saƙa kaɗai ba.

Sai dai a nan akwai adalcin da ya kamata a yi wa mai saye. Idan ke mai koyo ce, hular da gwana ke gamawa a awa uku tana ɗaukar ki bakwai, ba mai saye ne zai biya kuɗin koyonki ba. Saƙa abu ɗaya sau uku ko huɗu, ki ɗauki lokacin na ƙarshe.

Na uku, kuɗaɗen da ba su bayyana a jikin hula amma suna fita daga jakarki: ƙarfen da ya ɓata, tsarin da kika saya, datar waya, wuta, kuɗin mota zuwa sayen zare, kuɗin rumfa a wurin baje koli. Hanya mafi daidai ita ce ki tara su na wata ki raba da yawan kayan da kika yi a watan. Kafin ki samu wannan lissafin, ɗora kashi 10 cikin 100 a kan kaya da lada. 100 da 180 sun zama 280, a ƙara 28, ya zama 308.

Wannan 308 ɗin ba farashi ba ne tukuna. Abin da hular ta ci ne. Idan kika sayar a haka an biya ki aikinki, amma sana'ar ba ta samu komai ba. Lada naki ne, ki ci ki sha. Riba ta sana'a ce, da ita ake ƙara jari, da ita ake ɗaukar asarar hular da ta zauna ba a saya ba. Ɗora kashi 20 cikin 100, ya kai kusan 370.

Idan ta wani shafi kike sayarwa wanda ke cire kasonsa, ki kula da yadda ake lissafin. Etsy, alal misali, ya mayar da kason da yake cirewa a kan kowane ciniki zuwa 6.5 cikin 100 a 2022, ban da kuɗin saka kaya da na karɓar biya. Daga farashin ƙarshe ake cirewa, don haka rabawa za ki yi: 370 a raba da 0.935, ya ba da kusan 396. Kuɗin aikawa kuma a rubuta shi daban, ko a sa shi ciki da sani.

Mai shago da zai sari kayanki ya sayar yakan so ya ninka abin da ya biya. Idan kina da niyyar ba da sari wata rana, 370 ɗin nan shi ne farashin sari, na ɗai-ɗai kuma ya haura shi sosai. Kada ki raba farashinki biyu don ki samu mai sari. Abin da ba zai ɗauki ninki ba, ba kayan sari ba ne, ki sayar da shi da kanki.

Za ki ji ana cewa a ninka kuɗin kaya sau uku, shi ke nan. A hularmu ya ba da 300, bai yi nisa ƙwarai ba, shi ya sa mutane ke yarda da shi. Amma gwada shi a kan 'yar tsanar kwarashi irin ta Japan da ake kira amigurumi. Zare giram 30, auduga ta cusawa da idanun 'yar tsanar, duka 50. Sau uku 150. Aikin kuwa awa biyar ne na ƙananan idanu a matse, da ɗinka hannu da ƙafa da kunne. Ladanki ya koma 20 a awa, kashi ɗaya cikin uku na abin da kika yanka wa kanki. Juya kuma ga mayafin wuya na zare mai kauri mai tsada: kaya 400, aiki awa biyu, sau uku 1,200, alhali lissafin gaskiya bai kai 700 ba. Ƙa'idar ba ta san lokaci ba, kuma a saƙa lokaci ne mafi tsada.

Idan lissafi ya wuce abin da kasuwa za ta biya

Zai faru, kuma gara ki sani tun da wuri. Bargon nan namu: zare kusan 1,050, awa 30 a kan 60 ya ba da 1,800, da sauran ƙari ya doshi 3,800. Mutum zai dube shi ya tuna bargon masana'anta da bai kai kusa da haka ba. Ba ki yi kuskure a lissafi ba, shi ma bai yi laifi ba.

Abin da ba na so ki yi shi ne ki zaftare ladanki a ɓoye. Akwai hanyoyi da suka fi. Canja ido: dogon ido yana cika wuri da sauri fiye da gajere. Ƙara kaurin zare da girman ƙarfe. Rage yawan canjin launi, domin kowane canji bakin zare biyu ne da za a ɓoye. Saƙa abu ɗaya da yawa a jere, hannu yana ƙara sauri idan ba ya tsayawa duba tsari. Sannan ki buɗe littafinki ki yi wa kowane kaya tambaya ɗaya: idan na cire kuɗin kaya daga abin da mutane ke biya da daɗin rai, nawa ya rage a kowace awa? Za ki tarar ƙananan abubuwa, irin su abin ɗaure gashi, takalmin jariri, marikin makulli, matashin kofi, sau da yawa sun fi manya biya. Duba farashin wasu masu saƙa don ki san kasuwa, amma kada ki kwafa. Ba ki san ko wadda kike kwafa faɗuwa take yi ba ta sani ba.

Abin da ya kasa cin wannan jarrabawa, ki fitar da shi daga kayan sayarwa gaba ɗaya. Ki saƙa shi don kanki, ko ki ba wanda kike ƙauna kyauta da zuciya ɗaya. Na fi son in ga bargon awa 30 an ba da shi kyauta da a sayar da shi a kuɗin zare, domin na farko kyauta ce da kowa ya san darajarta, na biyu kuwa yana koya wa mai saye cewa aikin hannu ba shi da kuɗi, ya kuma karya wa duk mai saƙa da ke kusa da ke kasuwa. Kuma ba dole ba ne sha'awa ta zama sana'a. Wadda ke saƙa don ta samu natsuwa, aka yi ta ce mata "ai ya kamata ki riƙa sayarwa", tana da damar cewa a'a.

Oda, kafin alƙalami da neman ragi

Aikin oda ya fi wanda kika saƙa da ra'ayinki tsada, saboda akwai tattaunawa, awo, neman launi, da haɗarin a ce ba haka ake so ba. Kafin ki sayi zare, ku rubuta komai a saƙo: girma da santimita, launi, irin zare, farashi, ranar gamawa. Karɓi kafin alƙalami wanda aƙalla zai biya kuɗin kaya. Da yawa suna karɓar rabi. Faɗi a fili cewa ba a mayar da shi idan an fara aiki, kuma canjin ra'ayi a tsakiya yana da kuɗinsa. Ranar gamawa kuma ki lissafa ta da awannin da kike samu a rana da gaske, ki ƙara kwanaki a kai.

Kayan jarirai suna son kulawa ta musamman. Idanun roba, maɓalli da duwatsun ado suna iya cirewa yaro ya haɗiye, don haka abin wasan ɗan ƙasa da shekara uku a yi masa ido da zare. Likitocin yara suna gargaɗi kada a sa bargo sakakke ko abin wasa mai laushi a gadon barcin jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, ya kamata ki gaya wa mai saye. Kowane kaya ki haɗa shi da 'yar takarda mai faɗin irin zaren da yadda ake wanke shi. Idan tsarin wani kika bi, karanta sharaɗinsa a kan sayarwa ki ambaci sunansa, kuma tsarin kansa ba naki ba ne da za ki kwafa ki raba. Siffofin zanen yara na kamfanoni ma suna da masu su.

Idan aka ce ya yi tsada, kada ki ba da haƙuri, kada kuma ki yi fushi. Ki ce, "Wannan awa uku ce ta aiki da zare mai kyau. Idan kina so, zan iya yi miki ƙarama, ko da launi ɗaya, a ƙasa da haka." Kaya ake ragewa sannan farashi ya sauka. 'Yan'uwa da ƙawaye su ne suka fi wahalar amsawa, saboda haka ki yanke hukunci tun kafin su tambaya: ko kyauta ce, ko su kawo zare ki ba da hannu, ko farashi cikakke. Kowanne kika zaɓa, ki faɗi ainihin kuɗin abin, don su san me aka ba su.

Duk wata shida ki koma littafinki ki sake lissafi da farashin zare na lokacin da kuma saurin hannunki na lokacin. Idan kaya suna ƙarewa kafin ki saƙa wasu, ko oda ta taru har kina hana kanki barci, ki ƙara kashi 10 cikin 100 a kan sabbin oda, ki sanar da tsofaffin masu sayenki wata guda kafin ƙarin ya fara aiki.